Magungunan Gargajiyar Ayilan: Wanne Ke Aiki, Wanne Ke Cin Albarkacin Lokaci

Tsakanin 1937 da 1939, Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya ta Ayilan (tsibirin da ke yammacin Birtaniya), wadda aka kafa a 1935 ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta sa yaran firamare fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 su koma gida su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta abin da suka sani na tatsuniya da tarihi da sana'a da magani, su rubuta. Shafukan da aka samu sun kai wajen 740,000. Suna ajiye a jami'ar UCD da ke Dublin, an kuma ɗora mafi yawansu a intanet. Babin maganin gida na cikin waɗanda suka fi kauri, kuma duk wanda ya zauna ya karanta shi gunduma bayan gunduma zai ga cututtukan da ake ta maimaitawa ba su da yawa: tsiron nan mai tauri da ke fitowa a hannu, hazbiya, hangum, makero, maruru, targaɗe, ƙuna, mura, tarin shiƙa. Mafi yawansu jiki ne ke warkar da su da kansa in an ba shi kwanaki. A kan irin waɗannan cututtuka maganin gida ya yi suna. Saboda haka kafin a tambayi me aka sha ko me aka shafa, sai a fara tambayar wace cuta ce, kuma kwana nawa take yi in an ƙyale ta.

Ayilan ba ta rasa likitoci masu karatu ba a zamanin da. Kowane babban gidan sarauta na da zuriyar da ta gaji likitancinsa: Ó hÍceadha na yi wa gidan O'Brien, Ó Caiside na yi wa gidan Maguire na Fermanagh. Suna fassara littattafan Latin zuwa harshensu, har a 2019 wani malami a jami'ar Cork ya bayyana cewa an gano guntun fassarar Ƙanun, littafin likitanci na Ibn Sina, a harshen Ayilan, an yi amfani da fatar da aka rubuta shi wajen ɗaure wani tsohon littafi. Da mulkin Ingila ya karya sarakunan gargajiya, musamman bayan yaƙin Kinsale na 1601 da ficewar manyan sarakunan arewa a 1607, sai likitocin suka rasa masu ɗaukar nauyinsu. Tsarin ɗakunan shan magani na talakawa bai game ƙasar ba sai da dokar 1851, wadda ta raba ta shiyyoyi fiye da 700, kuma ko a lokacin sai mutum ya nemo takardar izini kafin likita ya duba shi kyauta. Manomin da ke ƙauyen Leitrim ko Mayo, abin da ke kusa da shi shi ne maƙwabci da madafa da rijiya.

Abin da ya fi bambanta maganin Ayilan shi ne yadda ake ɗora ƙarfin warkarwa a jikin mutum maimakon a ganye. Ana cewa wane yana da "maganin" abu kaza, kuma yawanci cuta ɗaya tak yake yi wa. Hanyoyin samunsa sanannu ne. Ɗa namiji na bakwai a jere, ba mace a tsakani, musamman in ubansa ma na bakwai ne, shi ke da maganin makero. Ana gwada shi tun yana jariri, a sa masa tana a tafin hannu, in ta mutu an tabbatar. Wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa shi ke hura iska a bakin jaririn da farin ƙuraje suka fito masa a harshe da dasashi, da safe kafin ya karya, kwana uku. Matar da ta auri mai sunan zuriya irin nata, burodi da man shanun da ta ba yaro maganin tarin shiƙa ne. Wanda ya taɓa lasar cikin wata 'yar halittar ruwa mai kama da ƙadangare, shi ke lasar ƙuna. Jinin ɗan zuriyar Keogh ko Cahill kuwa ana shafa shi a ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke bin rabin jiki kamar ɗamara, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa idan ta farfaɗo bayan shekaru. Bahaushen da ya san ana kai ƙuna gidan maƙera, ana kai ƙayar kifi gidan masunta, ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Ayilan ma ruwan da maƙeri ke tsoma jan ƙarfe a ciki magani ne.

Akwai ƙa'idoji. Mai maganin ba ya neman kuɗi, a wasu wurare ko godiya ba a yi masa. Addu'ar da yake karantawa sirri ce, kuma in zai bar ta gado, namiji mace yake ba wa, mace kuma namiji. Ziyara uku ake yi, sau da yawa Litinin, Alhamis, sannan Litinin mai zuwa. A duba wannan jadawalin da kyau: kwana takwas ke nan daga zuwan farko zuwa na ƙarshe, kuma ba wanda ke zuwa ranar da ciwo ya fara, sai ya matsa. Hazbiya kan fashe ta baje cikin mako guda ko makamancin haka, ko an nuna mata ƙayoyi tara na itacen guzberi kamar yadda ake yi, ko an goga mata zoben aure na zinariya, ko ba a yi komai ba. Kumburin hangum kan sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko da ba a sa wa yaron ragamar jaki an zagaya ɗakin alade da shi sau uku ba. Faɗuwa ce ke zuwa daidai da zama.

Tsiron hannu shi ya fi kowace cuta yawan magunguna, kuma ba mamaki. Ana goga masa dodon-koɗi marar ƙoƙo a soke shi a ƙaya, yana bushewa tsiron na bushewa. Ana goga ɓarin dankali ko guntun nama a binne. Ana wanke shi da ruwan da ya taru a kwarmin dutse, da sharaɗin an ci karo da shi ne ba nemansa aka fita ba. Ana ƙirga tsakuwa daidai yawan tsiron, a ɗaure a ƙyalle a yar a mararraba, wanda ya tsinta ya ɗauki cutar. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma a jikin yara kimanin kashi biyu cikin uku na ɓacewa da kansu cikin shekara biyu, sau da yawa farat ɗaya idan garkuwar jiki ta gane ƙwayar. Duk abin da aka yi na ƙarshe kafin ya ɓace shi ke cin yabo. Wannan yaudarar ba ta cutar da kowa, in dai abin tsiro ne da gaske. A fatar dattijon da ya yi shekaru yana noma a rana, "tsiron" da ke zubar da jini ko yake ƙara faɗi na iya zama sankarar fata, kuma fararen fata irin mutanen Ayilan na cikin waɗanda ta fi kamawa.

Makero ya ɗan bambanta. Yaran ƙauye daga maruƙa suke ɗaukarsa, musamman idan aka kulle shanu a ɗaki lokacin sanyi. Na jiki kan lafa a hankali, amma na kai yana cikin tushen gashi, man shafawa ma ba ya kai masa, sai maganin sha na makonni. In aka tsaya jiran ɗa na bakwai har wurin ya kumbura ya yi ruwa, gashin na iya ƙin dawowa.

Inda lissafin ya ɓaci ƙwarai shi ne tarin shiƙa. Magungunansa sun fi na kowa ban mamaki: a wuce da yaro ta ƙarƙashin cikin jaki a ɗago shi ta bayansa sau uku, a ba shi sauran madarar da wata dabba mai kama da tunku, wadda ake farautar zomo da ita, ta sha ta rage, a tare mahayin farin doki a tambaye shi magani, duk abin da ya faɗa a yi, a sa tafarnuwa a tafin ƙafa cikin safa. Yawan dabaru a kan cuta ɗaya alama ce ta cewa babu mai aiki a cikinsu. Babban yaro kan yi wata biyu ko uku yana tari ya warke, jaki ya sha yabo. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa numfashinsa ne ke ɗaukewa, wani ma ba ya yin tarin, sai dai ya yi shuɗi. Rigakafi ne ya rage wannan mace-macen ƙwarai, kuma tafarnuwar da aka daka aka ɗaure a fatar jariri tana ƙona ta.

Abin da ya fito daga madafa ya fi tsayawa da ƙafarsa. Sarkinsu shi ne karagin, wata jar ciyawar teku da ake tsinka a kan duwatsun gaɓar yamma idan ruwa ya janye sosai, a shanya ta rana da ruwan sama su kore launinta ta koma fari-fari. Ana ɗibar busasshiya kamar giram 10, a jiƙa minti goma zuwa sha biyar, a wanke yashi da 'yan ƙwanson da suka maƙale, a dafa a ruwa ko madara wajen mililita 700 a wuta marar ƙarfi na minti ashirin zuwa talatin, a tace, a matsa lemun tsami a zuba zuma, a sha da ɗumi. Kurakuran da ake yi uku ne. In ba a jiƙa an wanke ba, ƙarnin teku da yashi na hana sha. In aka cika ta, tana hucewa take daskarewa, sai dai a ci da cokali. In da madara aka dafa kuma aka matsa lemun tsami tana tafasa, madarar ta tsinke. Aikinta shi ne yauƙin da ke lulluɓe maƙogwaro ya rage ƙaiƙayin tari. Ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta kuma taɓa ciwon huhu. Sinadarin da ke kawo yauƙin shi ne masana'antun abinci ke sa wa lamba E407. Ciyawar teku na ɗauke da aidin, don haka mai ciwon maƙoƙo ko wata matsalar wannan ƙullin na wuya bai kamata ya mai da ita abin sha kullum ba. Zuma kuwa an gwada ta an ga tana rage tarin dare ga yara, amma ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta mai shanye jiki da hanjin jariri bai iya yaƙa.

Mashahurin haɗin mura na manya shi ne wiski da ruwan zafi da sukari da yankan lemun tsami da aka soka wa kanumfari. Ruwan zafin da lemun da zaƙin su ke sanyaya maƙogwaro. Giyar ba ta rage kwanakin mura ko ɗaya, tana dai sa barci marar daɗi, kuma tana ƙara wa hanta nauyi in an haɗa ta da farasitamol. Kitsen dinya da ake shafa wa ƙirji a rufe da takarda mai kauri, ɗumi kawai yake riƙewa.

Ga maruru, ana zuba tafasasshen ruwa ko madara a kan farin burodi, a matse, a shimfiɗa a tsumma mai tsabta, a jira ya huce har cikin wuyan hannu ya iya jure shi, a ɗaure, a sauya bayan 'yan sa'o'i. Wasu sabulu da sukari suke kwaɓawa. Burodin ba shi da wani sirri. Danshi mai ɗumi ne ke ƙara gudun jini ya tausasa fata har marurun ya nuna ya fashe, kuma tawul mai ɗumi na minti goma zuwa sha biyar, sau uku ko huɗu a rana, na yin aikin. Wanda ya kamata a guje shi ne na kwalba: a cika ta da tafasasshen ruwa, a zubar, a kife bakinta a kan marurun, tana hucewa tana zuƙa. Tana ƙona fata, kuma in marurun bai nuna ba sai ta farfasa naman da ke kewaye. Marurun da ke tsakanin hanci da leɓe, ko wanda ya zo da zazzaɓi ko jan layi mai hawa hannu, ko na mai ciwon sukari, ba na gida ba ne.

A wajen tsayar da jini an yi amfani da abu biyu da suka yi hannun riga. Yanar gizo ƙura take kwasowa daga rufin ɗakin dabbobi, kuma da masu bincike a Denmak suka gwada zarenta a 2021 ba su ga tana kashe ƙwayoyin cuta ba. Kashin shanu da ake ɗora wa rauni hanya ce ta tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. Gansakukar fadama da ake kira sfagnum kuwa ta gaske ce: busasshiyarta na shan ruwa har kusan ninki ashirin na nauyinta, kuma tsamin da ke cikinta na takura ƙwayoyin cuta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da auduga ta yi ƙaranci, an buɗe cibiya a Kwalejin Kimiyya ta Dublin ƙarƙashin Elsie Henry, inda mata 'yan sa-kai suke tsince ta su ɗinke cikin jakunkunan yadi a aika asibitocin soja. A lura dai: tsincewa ake yi, a busar, a tsarkake, ba daga fadama zuwa kan rauni kai tsaye ba. Ƙuna kuma, man shanu ko garin fulawa da ake shafawa zafi suke kullewa a ciki. Minti ashirin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi da ke zuba ya fi su duka, har da harshen mai lasa.

Al'adar ba ta tsaya a zamanin kakanni ba. Har yau a gidajen Ayilan, in yaro na amai da gudawa, 7Up ake buɗewa a bari iskarsa ta fita a ba shi. Sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, kuma yawan sukari na jawo ruwa cikin hanji ya ƙara gudawar. Ruwan gishiri da sukari na asibiti, ko lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, shi ne daidai.

Itatuwan da ke da ƙarfi na haƙiƙa su ne masu haɗari na haƙiƙa. Saiwar komfiri da maɗora ke kankarewa su ɗaura wa karaya da targaɗe na bushewa ta yi tauri ta riƙe gaɓa, kuma mayukan da aka yi da ita na rage zafin targaɗe. Amma in aka sha, sinadaran da ke cikinta na toshe ƙananan jijiyoyin hanta, ba a kuma sa ta a buɗaɗɗen rauni. Furen da ake kira airgead luachra dangin asfirin ke cikinsa, shi ya sa yake sauke zazzaɓi, shi ya sa kuma wanda asfirin ba ya karɓarsa zai guje shi. Ganyen da ake kira da sunan waliyyi Yohanna yana taimaka wa damuwa marar tsanani, amma yana sa hanta ta yi saurin narkar da wasu magunguna, ciki har da ƙwayoyin tazarar haihuwa da warfarin mai hana jini daskarewa da na ƙanjamau, kuma a farkon shekarar 2000 an hana sayar da shi a Ayilan sai da takardar likita. Ga tarin fuka, wanda ya daɗe yana cinye matasan ƙasar, ana dafa ganyen mulen mai gashi-gashi a madara a tace da ƙyalle. A 1883 wani likita a asibitin St Vincent's na Dublin, Quinlan, ya gwada shi ya ba da rahoton cewa masu cutar a matakin farko sun ƙara nauyi, tarin ya sassauta. A ganina, madara mai ɗumi sau biyu a rana ga mutumin da yunwa ta rame ta isa ta bayyana ƙarin nauyin. Cutar ba ta ja da baya sosai ba sai da maganin streptomycin da gadajen jinya suka zo a ƙarshen shekarun 1940.

Mafi muni shi ne lus mór, dogon fure mai kama da ƙararrawa wanda daga danginsa ake samun maganin zuciya digoxin. Tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke tsayar da zuciya 'yar kaɗan ce, kuma ƙarfin ganyen na sauyawa daga tsiro zuwa tsiro, ba yadda za a auna shi a madafa. An riƙa ba da shi ga yaran da suka rame ba dalili, bisa imanin cewa mutanen ɓoye sun sace na ainihi sun ajiye nasu. Wannan imanin ne ya kashe Bridget Cleary, tela mai shekara 26, a Ballyvadlea ta gundumar Tipperary a watan Maris na 1895. Ta kwanta da ciwon ƙirji, likita ya zo ya ba da magani, amma mijinta Michael ya karɓo ganye daga wani mai maganin mutanen ɓoye, aka dafa a madara, dangi suka danne ta aka ɗura mata suna tambayarta ko ita ce. Daren 15 ga watan ya watsa mata kananzir ta ƙone. An yanke masa shekara 20.

Sauran ƙarfin ana ɗora shi a wuri. A Leitrim da Cavan da Fermanagh har yau ana ganin ƙananan ɗakunan gumi na dutse, masu ƙofar da sai an rarrafa. Ana cika ɗakin da busasshiyar ƙasar fadama da suke ƙonawa a madadin itace, a bar wuta na ci sa'o'i masu yawa, a kwashe garwashi da toka, a shimfiɗa ɗanyar ciyawa, masu sanyin ƙashi su shiga a toshe ƙofa, su yi gumi su fito su faɗa rafi. Zafi na sassauta gaɓoɓi na ɗan lokaci. In aka bar garwashi a ciki, iskar gawayi mai kisa ce ke taruwa. An daina amfani da su wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Rijiyoyi masu tsarki sun kai wajen 3,000, kowace da waliyyinta da ranarta da cutarta, na ido sun fi yawa. Ana zagaya su ta hannun dama ana addu'a, a jiƙa tsumma a goga wa ciwo a ɗaure a itacen da ke gefe, yana ruɓewa ciwo na tafiya. Masu ɗaura leda da nailan a yau sun karya hikimar da hannunsu, sun kuma shaƙe itatuwan. A rijiyar Gleann na nGealt ta Kerry, wadda ake kai masu taɓin hankali, an auna an sami lithium, sinadarin da likitoci ke bai wa wasu masu taɓin hankali, sai dai adadin ya yi ƙasa nesa da abin da likita ke rubutawa. Shan ruwan irin waɗannan wurare ba tare da tafasawa ba kasada ce a ƙasar da shanu suka cika, domin Ayilan na cikin ƙasashen Turai da aka fi samun nau'in E. coli mai lalata ƙodar yara.

Labarin da 'yan jarida suka fi so shi ne na Boho a Fermanagh. Fada James McGirr, wanda ya rasu a 1815, an ce ya faɗa cewa ƙasar kabarinsa za ta warkar da duk abin da yake warkarwa yana raye. Mutane na ɗibar 'yar kaɗan a ƙunshin auduga, su sa ƙarƙashin matashi ko kusa da ciwo, ba a ci, kuma dole a mayar da ita rana ta huɗu. A 2018 masu bincike na jami'ar Swansea, ciki har da Gerry Quinn wanda ya taɓa zama a yankin, suka wallafa cewa sun ware wani sabon nau'in ƙwayar bakteriya da ake kira Streptomyces daga ƙasar Boho mai yawan farar ƙasa, wanda ya hana wasu ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, har da MRSA, girma a faranti. Binciken na gaske ne, amma a san iyakarsa. Daga dangin Streptomyces aka samo mafi yawan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake da su, streptomycin ma daga can ya fito, kuma ana samun su a ƙasa kusan ko'ina. An raini ƙwayar ne a ɗakin gwaji aka haɗa ta gaba da gaba da masu cutar, abin da ƙunshin da ke ƙarƙashin matashi ba ya yi. Kafin ta zama maganin da za a ba mutum sai an ware sinadarin, an auna gubarsa a dabbobi, sannan an bi matakan gwaji uku a jikin mutane, aikin da kan ci shekara goma ko fiye.